Daga Litinin Zuwa Asabar a Gidan Fasto

Akwai zolayar da aka saba yi wa fastoci, wai su kaɗai ne ma'aikatan da ke aikin yini guda a mako amma su karɓi albashin wata cur. Masu wannan magana ranar Lahadi kawai suke ganin fasto, ya ci ado da kwat da farar kwala, ya hau mumbari ya yi wa'azin minti arba'in ya sauka. Amma duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da gidan fasto, a Kagoro ne ko Billiri ko Mubi ko wata unguwa a bayan garin Kano, ya san ƙofar wannan gida ba ta san sakata ba. Tun da jijjifi an kaɗa ƙararrawar addu'ar safe, wadda a ƙauyuka da yawa tsohon wilin mota ne aka rataye a reshen bishiya. Kafin a watse daga addu'ar, wata ta riga ta tsuguna a bakin ƙofa, ɗanta ya kwana da zazzaɓi kuma babu ko sisi a gida. Bayanta ga saurayi yana son takardar shaida domin neman aiki, ga dattawa biyu da rikicin iyakar gona. Da hantsi za a hau babur zuwa asibiti duba mara lafiya, da yamma akwai ajin masu shirin baftisma. Wa'azin Lahadi, wanda shi kowa ke gani, sau da yawa sai daren Asabar ake samun sukunin zama a shirya shi.

Me ya sa duk wannan kaya ya taru a kan mutum ɗaya? Sai an waiwayi yadda ikilisiya ta kafu a wannan yanki kafin a gane.

A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar da Turawan lokacin ke kira Sudan. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu. Bingham ne ya rayu, aikinsa ya zama mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ikilisiyar ECWA a 1954. A 1904 Karl Kumm da abokansa na mishan ɗin SUM suka yada zango a Wase, daga nan ikilisiyar COCIN ta samo asali. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida, tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ke nan, wato EYN. Na Anglikan kuwa, Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929. Kowace tashar mishan da abu uku take zuwa a haɗe: majami'a da makaranta da ɗakin shan magani. Garkida ta yi suna da jinyar kutare, Vom da asibitinta, haka ma Galmi a Jamhuriyar Nijar, inda asibitin SIM ke aiki tun 1950. Mutumin ƙauye ya taso ya ga inda ake addu'a nan ake wanke gyambo, nan ake koyon abacada, nan kuma ake samun wanda zai rubuta wa Di'o takardar koke.

Baturen mishan yana da abin yin haka. Kuɗi na zuwa masa daga Kanada da Ingila da Amurka, yana da mota, yana da akwatin magani. Da aka fara naɗa 'yan ƙasa, irin su Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot a Filato a 1938, sai suka gaji kujerar tare da duk abin da jama'a ke tsammani daga mai zama a kanta. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, Turawan suka yi ta raguwa. Mota ta tafi, akwatin magani ya tafi, amma sawun mutane zuwa gidan da ke jikin majami'a bai ɗauke ba har gobe. A ganina asalin wahalar ke nan: an bar wa fasto aikin tashar mishan sukutum, ba a bar masa aljihunta ba.

To, bari mu leƙa aljihun. Gwamnati ba ta biyan fasto. Abin da masu bi suka jefa a jaka ranar Lahadi shi ne jarin. Akwai baiko, abin da mutum ya ga dama ya bayar. Akwai zakka, wadda a wurin Kirista kashi ɗaya ce cikin goma na abin da ya samu. Sai godiyar kaka, lokacin da manoma ke jibge damin dawa da buhun masara da akuya da kaji a gaban majami'a. Daga cikin wannan ake cire kason da za a tura sama, zuwa majalisar yanki da ta gunduma har hedkwata, a gyara rufin da ke yoyo, a sayi man janareta, a ba baƙon mai wa'azi kuɗin mota, sannan a biya fasto. A babbar majami'ar birni mai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa lissafin yana fita. A ƙauyen da kuɗi ba ya shiga hannun mutane sai bayan girbi, Yuli da Agusta na iya wucewa ba a ba shi komai ba. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, amma ba abin mamaki ba ne ka tarar da mai bishara a ƙauye wanda abin da ake ba shi bai kama ƙafar wannan ba. Shi ya sa da damina za ka gan shi da fartanya a kafaɗa, matarsa kuma tana tuyar ƙosai ko sayar da manja a ƙofar gida.

Kullen korona na 2020 ya tona wannan asiri. An yi makonni majami'u suna rufe a jihohi irin su Kaduna, babu taro babu baiko, masu ƙwanƙwasa ƙofa kuwa sai ƙaruwa suka yi. Aka sake shan irinta a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Kafin a farfaɗo, cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu ya mai da ziyarar babur ta koma ta ƙafa.

Abin da ya fi rashin kuɗin ciwo shi ne kunyar maganarsa. Koyarwa a kan bayarwa tana cikin aikin fasto, amma duk ranar da ya ɗauko ta, akwai wanda zai raɗa wa na kusa da shi cewa tukunyar gidan Baba ta bushe. Idan ya yi shiru, dattawa su ce ba ya koyar da jama'a. Ya sayi sabon babur, a fara tambayar inda ya samu. Takalminsa ya tsinke, a ce yana zubar da mutuncin ikilisiya. Tsofaffin fastoci suna da doka guda da suke damƙa wa sababbi: kada hannunka ya taɓa kuɗin ikilisiya. A bar ma'aji da mutum biyu ko uku su ƙirga a gaban juna, a rubuta, a sa hannu, a karanta rahoto a bainar jama'a. Dalilin shi ne, zargin kuɗi in ya kama mutum, ko kwamiti ya wanke shi, zancen yana rigansa isa duk garin da aka tura shi.

Mai karatu Musulmi zai iya auna wannan da limamin unguwarsu, sai dai akwai bambanci babba. Liman galibi ɗan gari ne, gidansa nasa ne ko na gado, yana da gona ko sana'a, dangi na kewaye da shi, kuma yakan tsufa a masallacin da ya fara limanci. Fasto a ECWA ko COCIN ko EYN ma'aikaci ne da ake turawa. Bayan 'yan shekaru takarda za ta zo daga majalisa, ya naɗe tabarmarsa. Mutumin Tangale sai ya tsinci kansa a cikin Maguzawan Katsina, ɗan Pankshin a gefen Tafkin Chadi. Tsarin yana da hikima, domin yana hana mutum mai da ikilisiya gadon gidansu, yana kuma raba fasto da mutanen da zama ya yi tsami tsakaninsu. Amma yana da tsada. Sai ya fara gane wane gida ne ba ya ga maciji da wane, sai ya gano gwauruwar da ke kwana da yunwa ba ta faɗa wa kowa, sannan a ɗauke shi. 'Ya'yansa su canza makaranta a tsakiyar zango. Mangwaron da ya dasa, wani ne zai sha.

Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Mama ko da shekarunta 25, babu wanda ya ɗauke ta aiki, amma aikin bai bar ta ba. Ana sa ran ta tsaya wa Zumuntar Mata, ta dafa wa duk baƙon da ya sauka, ta je barka ta je ta'aziyya, ta iya waƙa, kada ta cika ado kada kuma ta fita wujiga-wujiga. Makarantun Littafi Mai Tsarki sun daɗe da gane haka, shi ya sa da yawansu ke da ajin matan ɗalibai. Ita Zumuntar Mata, in gaskiya za a faɗa, ita ke riƙe da yawancin ikilisiyoyin Arewa. Su ne da ankonsu da tulu da caki suna waƙa, su ne kuma ke tara hatsin da ake kai wa marayu, kuma faston da ya saɓa musu ya ɗebo ruwan dafa kansa. Ɗan fasto kuma, in ya yi abin da kowane yaro ke yi, ya yi dambe a filin ƙwallo, kafin magariba labari ya zagaye gari. Fada na Katolika ba ya aure, don haka wannan ɓangare bai shafe shi ba, sai dai shi ma ga ƙauyuka barkatai suna jiransa, katikis ne ke riƙe su kafin ya samu zagayowa.

Babu abin da ke cin lokacin fasto kamar aure. Kafin a ɗaura akwai makonnin shawara, akwai sanarwa a majami'a, ga masu son auren doka kuma akwai sanarwar kwana 21 a ofishin rajista. Sannan ga gwajin asibiti, wanda ikilisiyoyi da yawa suka wajabta. A nan ake samun zaman da babu faston da ke so. Ga saurayi da budurwa a ofishinsa, sun shekara uku suna neman juna, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, takarda kuma ta nuna dukansu AS ne. Ma'ana, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai sikila. Wasu ikilisiyoyi suna ƙin ɗaura irin wannan aure, wasu suna yin bayani su bar wa masu shi zaɓi. Ko wanne ne, fasto ne zai dubi idon yarinyar ya faɗa. Saurayin zai ce, "Baba, ashe ba mu da bangaskiya ke nan? Allah ba zai iya ba?" Tambayar ba ta rainin hankali ba ce, domin daga bakin shi Baban ya sha jin cewa babu abin da ya gagari Allah. Faston da ya taɓa binne yaro ɗan shekara bakwai bayan dare da yawa na ihun ciwon ƙashi ya san abin da zai ce, amma harshensa ba ya daina nauyi. Shi ya sa da yawa yanzu suke kawo maganar gwajin a taron matasa, tun zuciya ba ta yi nisa ba.

Tsohuwar matsala kuma ita ce ta mai mata fiye da ɗaya da ya karɓi bangaskiya. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth a 1888 ya yanke cewa kada a yi wa irin wannan mutum baftisma muddin yana tare da matansa. Sai bayan shekara 100 cif, a 1988, taron ya sassauta, ya yarda a yi masa bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma kada a tilasta masa korar ko ɗaya. Sauran ɗarikoki kowace da matsayinta. A zauren taro muhawarar tauhidi ce. A ƙauye kuwa, mace ce mai 'ya'ya biyar take tambayar fasto inda za ta nufa idan aka ce ita ce za ta fita.

Sai horo, wanda a wurina shi ne ma'aunin fasto. Idan mai bi ya faɗa laifin da ya fito fili, cikin shege ne ko buguwa da burkutu ko cin amanar kuɗi, majalisar dattawa kan dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji da riƙe kowane muƙami na wani lokaci, a wasu wurare har a sanar a gaban jama'a. Manufar ita ce ya tuba a maido shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, wa horon ke kamawa? Yarinyar da ta yi ciki ba ta da maɓuya, cikin ne ke ba da shaida a kanta. Wanda ya yi mata kuwa yana iya kasancewa a layin gaba cikin mawaƙa. Talakan da aka gani yana tangaɗi ranar kasuwa an san da shi. Attajirin da ya ba da buhun siminti 100 na ginin majami'a, ya kuma danne gonar marayun ɗan'uwansa, wa zai ɗaga maganarsa? Wani dattijo zai ja fasto gefe ya ce, "Rabaran, a dai bi a hankali, ka san mutumin nan shi ke riƙe da mu." In ya bi wannan shawara zai zauna lafiya, amma matasa suna kallo, kuma ba sa mantuwa. In ya ƙi, wataƙila takardar canjin wurin aiki ta iso kafin lokacinta. Ni dai ina ganin horon da ƙarfinsa ya ƙare a kan 'yan mata da talakawa gara a ajiye shi, domin abin da yake koya wa jama'a shi ne laifi yana da farashi, mai iya biya ya wuce.

Kada a ɗauka dattawan nan abokan gaba ne. Sun riga fasto zuwa, za su kuma rage bayan ya tafi, su suka san wanda ya ba da filin da majami'a take kai. Sabon fasto da ya fito daga makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru, ko JETS a Jos, ko makarantar Kagoro, ko ta Kulp a Kwarhi, kansa cike da Girkanci da Ibrananci, yakan zo da dogon jerin gyare-gyare. Ba ya daɗewa yake gane cewa ba a canza lokacin sujada ko wurin zaman mawaƙa sai an sha kunu a gidan mutum huɗu ko biyar tukuna. Yana kuma koyon cewa abin da ya ji a ofis, a ofis zai mutu, ko Mama bai kamata ta sani ba. Ya san wanda ke shan maganin ƙanjamau a ɓoye, ya san gidan da ake duka da dare. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya suɓuce ya fito a matsayin misali a wa'azi, ko ba a kama suna ba, daga ranar babu mai sake kawo masa damuwarsa.

Harshe ma da tasa rigimar. Hausa ce harshen sujada ga Berom da Bajju da Bura da Margi da wasu da dama, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Miller ya yi ruwa ya yi tsaki a ciki. A birane yanzu sujada biyu ake yi, kuma kowa na gani, tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi sun fi yawa a ta Hausa, matasa da masu albashi a ta Turanci. Fasto ɗaya ne zai yi wa'azi sau biyu, cikin harsuna biyu da wataƙila babu wanda ya sha a nono, ya kuma hana majami'a ɗaya rabewa gida biyu.

Ga kuma waya. Kafin mai bi ya zo sujada ya riga ya saurari masu wa'azi barkatai a Facebook da YouTube, masu alkawarin arziki da warkarwa nan take, da man shafawa da ruwa a kwalba. Faston da ya ce wa mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta ana kuma yi mata addu'a, sai a ce ba shi da iko. Wanda ya ƙi nuna wata tsohuwa da yatsa a matsayin mayyar da ta hana wance haihuwa, yakan rasa mutane zuwa inda za a nuna musu. Amma zargin maita ya raba gidaje, ya jawo duka har da kisa, kuma wanda ya hura wutar daga kan mumbari yana da alhaki a wuyansa. Lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa kan tuna hanyar majami'a, su zo da ambulan a taron gudummawar gini. A kan bencin akwai 'yan kowace jam'iyya, kuma faston da ya sa ambulan ɗin a aljihu ya jinginar da bakinsa na shekara huɗu.

Yawancin waɗannan, faston Akara ko na Nairobi ma zai ce ya san su. Abin da ya keɓanta da na Arewacin Nijeriya shi ne yawan kaburburan da ya tsaya a kai. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001 da 2008, sannan Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne, kuma a Oktoban shekarar hedkwatar ikilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun mayaƙan, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Fastoci suka bi jama'arsu zuwa sansanonin gudun hijira a Yola da Jos, har Minawao a Kamaru. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, bayan an sace shi. A Nijar ma, a Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Yanzu kuma ga garkuwa da mutane. A Yulin 2021 an kwashe ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Kaduna. A ƙauyukan da ba sa shiga labarai, fasto ya zama mai tara kuɗin fansa, yana bi gida-gida, ana sayar da gona da shanu, yana kuma sane cewa kowace naira da aka kai daji harsashi za ta zama. Wani lokaci shi ne a dajin. Musulmin waɗannan yankuna sun sha irin wannan azaba, an kashe limamai an sace wasu, kuma faston da ya manta da haka a wa'azinsa rabin gaskiya ya faɗa.

Babu makarantar tauhidin da ke shirya mutum domin ranar da za a jera gawa 20 a rami ɗaya. A gaba ga iyaye mata kuka ya ƙare musu, a baya ga samari sun harɗe hannu, idanu jajawur, suna jira su ji abin da Baba zai ce. In ya fara da maganar gafara, wani zai ɗaga murya, "Baba, har yaushe?" In ya faɗi abin da zai yi musu daɗi, kafin dare wani matafiyi da bai san hawa ba bai san sauka ba zai iya rasa ransa a kan titi. EYN ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga 'Yan'uwan Amurka da suka kafa ta, kuma da wuya a samu inda aka gwada wannan koyarwa da wuta kamar Borno da Adamawa. Abin da gogaggun fastoci suka koya a bakin kabari shi ne, ba a gaggauta wa mai makoki gafara. A bar shi ya yi kukansa, a kira zalunci da sunansa, a matsa wa hukuma ta yi aikinta, sannan a tsaya a ƙofa a hana ramuwar gayya. Wanda ya tsallake na farko zuwa na uku ya dira kan na huɗu, samarin ba za su saurare shi ba.

Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, lokacin yana cikin jagororin matasan Kirista a Kaduna. Imam Muhammad Ashafa, a ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna. A Yunin 2018 Malam Abubakar Abdullahi, limami a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa. Waɗannan duniya ta ji su. Amma mafi yawan aikin ƙanana ne da babu mai ɗaukar hotonsu: lambar liman da ta mai unguwa da ta DPO a wayar fasto, zuwa barka da Sallah, aika shinkafa da nama gidan maƙwabci ranar Kirsimeti. Ranar da jita-jita ta tashi cewa an kashe wani a kasuwa, waɗannan lambobin ake kira, kuma ana ɗagawa ne in an saba gaisawa.

To shi fa, wa yake kai wa nasa kukan? Ba zai faɗa wa dattawa aurensa na tangal-tangal ba, su ke ba da rahoto a kansa. Ba zai faɗa wa shugaban gunduma cewa barci ya ƙaurace masa ba, ko cewa addu'a ta fara yi masa nauyi, domin a teburinsa takardar canji take. Abokan aikinsa kuma wani lokaci abokan takara ne a neman babbar majami'a ko kujerar majalisa. Da aka fara tarurrukan warkar da raunin zuciya ga 'yan gudun hijira bayan 2014, akwai fastocin da suka je domin su koyi yadda za su taimaki wasu, suka tarar kansu ake bayani. Ranar hutu guda da aka rubuta masa a mako, mutuwa da haihuwa ba su san da ita ba. Ikilisiyar da ta raba ziyarar marasa lafiya tsakanin dattawa, ta bar wa kwamiti maganar tallafi, ta kuma yarda cewa fasto na iya kashe wayarsa yini guda ba tare da an ce ya yi girman kai ba, ba gata ta yi masa ba, kanta ta taimaka.

A ritaya ne tsarin ya fi nuna gazawarsa. Gidajen da ya zauna a ciki shekara 30 ko 40 duk na ikilisiya ne. Ranar bikin sallama za a ba shi agogon bango, a ba Mama turmin atamfa, a yi jawabai masu daɗi, sabon fasto kuwa yana jiran makulli. In bai samu ya aza bulo a garinsu ba, sai gidan haya ko ɗaki a gidan ɗa. In kuwa mutuwa ce ta riske shi a bakin aiki, gwauruwarsa ce za ta kwashe kaya da yara cikin 'yan watanni. Manyan ɗarikoki suna da tsarin fansho, amma fanshon da aka lissafa a kan ƙaramin albashi ba ya sayen maganin hawan jini na wata, balle haya. Wasu ikilisiyoyi sukan sayi fili su gina wa faston da ya daɗe yana yi musu hidima ɗaki biyu da falo. Masu dabara suna farawa tun yana da sauran shekaru a bakin aiki, ana aza layi ɗaya ko biyu na bulo bayan kowace kaka, domin ginin da aka bari sai an sa ranar sallama, yawanci iyakarsa linta.